Randa a Ɗakin Goro

Shekara arba'in da ɗaya Alhaji Basharu yana sayar da goro a Gwandu, ba a taɓa maido masa da ko ƙwaya ɗaya ba. Sirrinsa wani ɗaki ne a ƙuryar gida, ginin ƙasa mai kaurin bango, ƙofa ɗaya, taga ɗaya da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Duk inda bazara ta kai, in ka shiga ɗakin nan sai sanyi ya taɓa ka. Mabuɗin yana aljihunsa. Ko matarsa Jummai ba ta taɓa riƙe shi ba.

Wata Alhamis, ana tsakiyar zafi, yana bakin ɗakin yana tsintar goro, sai ga ɗiyarsa Halimatusa'adiya ta shigo da jaka. Karatun digiri na uku take yi a jami'ar da ke Kalgo, kuma ba ta saba zuwa gida ba sai ƙarshen wata. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta nufi ɗakin uwarta. Bai ɗaga kai ba, amma ya ga idonta.

"Halima. Dawo nan. Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Baba."

"To mi ya kumbura maki ido?"

Ta zauna a ƙasa. Ta ciro wata 'yar kwalba daga jaka ta miƙa masa. Ƙwayoyi uku ne farare a ciki, kamar maganin ciwon kai.

"Aikina ke nan na wata takwas," in ji ta. "Gari ne na haɗa, na matse shi. Ƙarfe ne aka ɗaure da wani sinadari, ya tashi da ramuka kamar saƙar zuma, ido ba ya ganinsu. In iska na da laima, ruwa ya shiga ramukan ya yi layi. To akwai wani ɗan abu da muke kira furoton, shi ke ɗauke da lantarki. Ba ya tafiya da ƙafarsa. Wannan ruwa ya miƙa wa wancan, wancan ya miƙa gaba."

"Kamar magina da tubali."

"Haka, Baba. In ruwa ya ƙafe, layi ya tsinke."

"Amfaninsa?"

"In ya yi kyau, ana sa shi cikin na'urar da ke ba da wuta ba hayaƙi, ba ƙara. Amma sai na auna saurin miƙon tukuna. Akwatin da muke awo a ciki ya ƙone shekaranjiya. Gyaransa wata huɗu. Ni kuwa kwana ashirin da biyar suka rage mini in miƙa sakamako."

Sauran maganar da ƙyar ta fito. Malaminta, Dakta Ubaidullahi, ya ce a aika ƙwayoyin wani ɗakin gwaji a ƙasar waje. Cikin mako ɗaya za su auna. Sharaɗinsu shi ne sunayensu su zo gaba a takardar binciken, nata ya koma ƙarshe, garin kuma ya zauna wurinsu.

Basharu ya juya kwalbar a hannunsa.

"Shi wanga akwati, mi yake yi?"

"Laima da sanyi yake riƙewa wuri ɗaya, kada su motsa. Laimar ina da dabararta. In ka jiƙa gishiri ka rufe shi a kwalba, iskar ciki ba ta canzawa, kuma kowane irin gishiri da tasa laimar. Zafi ne ya gagare ni. Ɗakin gwajinmu da safe dama dama, da azahar kamar murhu."

"Ke nan sanyi kike nema wanda ba ya motsi."

"Shi ke nan."

Ya dubi ƙofar da ke bayansa. Ya mayar mata da kwalbar.

"Litinin tare za mu tahi."

Ran Litinin suka hau motar Birnin Kebbi, daga nan suka kama ta Kalgo. Basharu ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, duk da zafi. Suka iske Dakta Ubaidullahi a ofis, fanka a tsaye, yana fifita da takarda.

"Sannu da zuwa, Baba. Ga kujera."

"Ban zo zama ba. An ce za ka ba baƙi aikin ɗiyata."

"Ba haka ba ne, Baba. Taimako za su yi. Su ke da na'ura, kuma ƙa'idarsu ce wanda ya auna sunansa ke gaba."

"Wanda ya auna. In na kai hatsi kasuwa, mai mudu shi ya noma?"

Halima ta sunkuyar da kai. Dakta ya ajiye takardar.

"Ni ma ba son raina ba ne. Amma in wa'adi ya cika babu sakamako, shekara guda ta faɗi mata. Me zan yi?"

"Ina da ɗaki."

"Ɗakin gwaji?"

"Ɗakin goro."

Dakta ya yi dariya, sannan ya ga tsohon bai yi ba, ya haɗiye sauran.

"Baba, wannan kimiyya ce, ba goro ba."

"Goro ya fi kimiyyarka rashin haƙuri. Akwatinka shekara nawa ya yi kahin ya mutu?"

"Shida."

"Ɗakina arba'in da ɗaya. Bai taɓa neman lantarki ba."

Dakta ya dubi ɗalibarsa. Ta yi masa bayanin gishiri da kwalba. Ya daɗe yana buga biro a tebur. Daga ƙarshe ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Za ta rubuta zafin wurin sau uku a yini, kuma kada ya motsa fiye da digiri ɗaya. Zai ara mata ƙaramar na'urar awo mai batir. Ƙwaya ɗaya cikin ukun za ta zauna a aljihun teburinsa. In ranar wa'adi ta zo lambobi ba su gamsar da shi ba, da hannunsa zai kai ta gidan aika saƙo.

"Ajiye ta da kyau," in ji Basharu. "Zan dawo in karɓa."

Washegari suka yi aikin. Basharu ya sa aka kawo yashi daga rafi, ya tara a kusurwar ɗakin, ya binne sabuwar randa har wuya, ya jiƙa yashin. Halima ta zuba jiƙaƙƙen gishiri a gindin wata babbar kwalba, ta ɗora ƙwaya ɗaya a kan ɗan marfi yadda ba za ta taɓa gishirin ba. Ta matse ta tsakanin ƙarafa biyu, ta fito da wayoyi biyu ta murfin, ta toshe da kakin kyandir. Kwalbar ta shiga randa tare da ma'aunin zafi, aka rufe da faifai. Gishiri iri uku za a yi, kowanne kwana biyar.

"Baba, kada a buɗe. Ko leƙawa."

"Na ji."

Ran Alhamis ta koma Kalgo ɗauko sauran gishirin, ta ce sai Juma'a da yamma.

To Basharu yana da doka da ya gada wurin ubansa. Duk kwana huɗu sai ya kwance huhun goro, ya canza ganye, ya share gumi, ya fitar da wanda sankara ta ci kafin tsutsar ta wuce ga na kusa, ya yayyafa ruwa, ya ɗaure. Abin da aka rufe kwana huɗu ba a duba ba, a wurinsa ruɓewa yake yi. Safiyar Juma'a ya gama da huhunansa goma sha ɗaya, ya miƙe zai fita. Ƙafarsa ta tsaya gaban randa.

Ya ɗaga faifan. Leƙawa kawai. Sai ya ga kwalbar ta yi gumi.

A goro, gumi ajali ne. Ya tsaya yana kallo. Yarinyar ta ce kada a buɗe, gaskiya. Amma yarinyar yaushe aka haife ta? Karatu daban, sanin laima daban. Ya ciro wuƙarsa ya kankare kakin, ya buɗe, ya share kwalbar da gefen rawani. Ya dubi ƙwayar, fara fat, busasshiya kamar ƙashi. Abin da ke son laima, an bar shi da ƙishi. Ya tsoma yatsu a ƙwarya ya yarfa sau uku, yadda ya yi wa goro sau dubbai.

Ƙwayar ta kumbura. Ta tsage gida biyu. Ta zube kamar alli a ruwa.

Ya sa farce zai tattara, ta bi farcen. Haka Jummai ta iske shi a tsugune, da farin abu a yatsa.

"Alhaji, mi ka yi?"

"Fita."

"Innalillahi. Ba ta ce kada a taɓa ba?"

"Na ce ki fita."

Ya tafi masallaci ya dawo, bai san abin da liman ya faɗa ba. Bayan la'asar Halima ta iso. Ba wanda ya gaya mata komai. Ta ga faifai a jingine, ta durƙusa ta leƙa. Ta daɗe a haka.

"Na ce kada a buɗe."

"Ya yi gumi."

"Gumin yana jikin kwalba, Baba, bai taɓa ta ba. Iska take sha, ba ruwa ba."

Ta ɗauki littafin da take rubuta zafi, ta duba ma'auni, ta yi wata dariya marar daɗi.

"Ko ba ka taɓa ba ma, da wuya. Duk sanda ka buɗe ƙofa kana tsintar goro, zafi na hawa digiri biyu. Ƙwaya ɗaya ta rage mini. Kwana goma sha bakwai, aikin na cin goma sha biyar. Gara in kira Dakta ya aika tun yanzu."

Ta ciro waya.

"Ajiye wayar nan."

"Baba, ka bar ni."

"Halimatu. Ajiye."

Bai ce ta yi haƙuri ba. Bakinsa bai san hanyar kalmar ba. Ya shiga ɗakin ya ciccibo huhu ɗaya ya dire a tsakar gida. Ya ɗauko tiyon ban ruwa, ya binne bakinsa cikin yashi, ya zura ɗaya bakin ta taga, ya toshe gefensa da tsumma. Ya ce ta ƙara wa wayoyinta tsawo, har da ta ma'aunin zafi, su biyo ta ƙarƙashin ƙofa, ta riƙa awo daga waje. Sannan ya sa hannu a aljihu ya miƙa mata mabuɗin.

Ta dubi mabuɗin, ba ta karɓa ba.

"Huhu goma na ciki. In ba ka duba su ba kwana goma sha biyar, sankara za ta cinye. In ka fito da su, zafi zai kashe su kwana biyu."

"Ban tambaye ki ba. Karɓi."

Ta karɓa. Jummai tana bakin madafa tana kallo, ta tafa hannu.

"Ikon Allah. Shekara talatin da takwas ban taɓa mabuɗin nan ba. Ashe sai ka yi wa mutum ɓarna kake ba shi? Da na sani, da tuni na roƙe ka ka fasa mini tukunya."

"Ke, tuwonki na ƙonewa."

"Ban ɗora ba tukuna, Alhaji."

Kafin magariba ƙwaya ta biyu ta shiga randa, aka kulle ƙofa.

Daga ranar aikinsa ya zama ɗaya. Bayan asuba ya ɗebo ruwa ya ɗura a tiyo. Bayan la'asar ya sake. Ba ya aunawa da komai. Tafin hannu yake ɗorawa a bango, ya san ko a ƙara ko a bari. Halima na zaune a tabarma bakin ƙofa da na'urarta, tana rubutu. Wani lokaci ya tsaya a kanta.

"Nawa?"

"Ashirin da tara da rabi."

"Jiya fa?"

"Ashirin da tara da rabi."

Sai ya wuce kamar bai tambaya ba.

Huhun da ya fitar ya ƙare a kwana na biyu. Duk da haka kullum sai ya tafi kasuwa, ya shimfiɗa buhu a kan teburinsa, ya zauna bayansa ba goro ko ɗaya. Sahabi, wanda rumfarsa ke kallon tasa shekara da shekaru, ya samu abin yi.

"Basharu, yau iska ake saidawa? Ba ni ta ɗari."

"Ta fi goronka daɗi."

"An ce ɗiyarka ta kore ka daga ɗakinka, ta sa aljani a randa."

"Aljanin ya yi boko. Kai fa?"

'Yan rumfa suka kwashe da dariya. Masu sayensa na kullum suka zo suka tsaya, suka ga tebur wayam, suka tsallaka wurin Sahabi suna sunne kai. Ya bi su da ido, bai kira kowa ba. Wani tsoho daga Masama, da ke zuwa takanas saboda goronsa, ya tambaye shi ko lafiya.

"Lafiya lau. Ina da baƙo a ɗaki. In ya tashi ka dawo."

A kwana na goma, da ya je ɗura ruwa, hancinsa ya kama wani abu ta gefen tsumman taga. Ɗan tsami, kaɗan. Wani ba zai ji ba. Shi ya san huhun da ya fara, na uku daga bango, marsa zalla, manyan da yake ajiye wa masu ɗaurin aure. Ya tsaya da bokiti a hannu har ruwan ya daina motsi.

Ranar ce Halima za ta shiga ta sa gishiri na ƙarshe. Shigarta ta farko, a kwana na biyar, ba ta kai minti biyu ba, haka za ta yi yanzu ma. Ta sa mabuɗi, ta juyo.

"Baba, na ji warin nima. In jawo maka huhu biyu?"

"Minti nawa?"

"Kamar biyar."

"Zafi zai motsa?"

Ta dubi ma'auni.

"Zai motsa," in ji ta.

"Bar su."

Ta shiga ta fito, ta kulle. Ya ga ta tsaya, idonta a kan littafinta.

"Mi ya faru kuma?"

"Lambar saurin miƙon tana hawa, Baba. Gishiri na biyu ya ninka na farko sau tara. In na ukun ya bi haka…"

"Kada ki ce komi sai kin gani."

Kwana biyar na ƙarshe su suka fi zafi a shekarar. Kaji suka kwanta baki buɗe a gindin bango. Basharu ya daina zuwa kasuwa. Ya sa aka jingina zana biyu a bangon da rana ke duka, yana jiƙa su da kansa. Jummai ta ce zai kashe kansa saboda ƙwayar da ba ta kai goro ɗaya ba. Ya ce ta kawo bokiti. Ta kawo, ta kuma tsaya ta riƙe masa tsani tana mita. Rana ɗaya da azahar ma'auni ya kai talatin da ɗigo uku. Halima ta faɗa da ƙaramar murya. Ya ɗura ruwa, ya zauna a ƙasa ya jingina bayansa da ƙofar, kamar zai tare zafin da jikinsa. Da la'asar ya sauko.

Ran Asabar ta rubuta lamba ta ƙarshe, ta buɗe ƙofa ta bar ta a buɗe. Ya shiga ya kwance huhunan ɗaya bayan ɗaya. Huɗu sun tafi gaba ɗaya. Sauran da gyara. Ya kwashe ruɓaɓɓen a buhu, ya kai bola da kansa da rana tsaka, ta gaban rumfar Sahabi, bai rage tafiya ba.

Litinin suna ofishin Dakta Ubaidullahi tun kafin ya iso. Ya karɓi littafin ya zauna. Ya bi shafukan da yatsa, layi layi. Ya koma farko ya sake. Ya ɗauki kwamfutar Halima ya dubi zanen da ta yi, inda layi ya tashi daga ƙasa ya hau sama yadda laima ke ƙaruwa.

"Kwana goma sha biyar, bai kai digiri ɗaya ba," in ji shi. "Akwatinmu ma yakan yi fiye da haka." Ya ɗaga kai. "Ina ƙwaya ta farko? Na ga kin fara Talata, kin sake farawa Juma'a."

Halima ta buɗe baki. Basharu ya riga ta.

"Ni na kashe ta. Na ba ta ruwa. Rubuta haka in ana rubutawa."

Dakta ya dube shi, ya dubi littafin. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Sakamakon ya tsaya da ƙafarsa. Abu ɗaya, Halima. A nan kin rubuta randar ƙasa cikin jiƙaƙƙen yashi. Masu duba takarda a waje za su iya raina mu. Ki ce ma'ajiya mai daidaita zafi."

"Randa ce, Dakta. In wani yana son ya maimaita aikin, dole ya san abin da na yi amfani da shi. Na sa faɗinta da zurfinta."

"Za su yi tambayoyi."

"Su yi. Littafin na nan."

Ya numfasa, ya ɗauki biro ya sa hannu. Basharu ya matso ya buɗe tafinsa a kan tebur.

"Ajiyata."

Dakta ya jawo aljihun tebur, ya ciro 'yar kwalbar da ƙwaya ɗaya a ciki. Basharu ya karɓa ya ɗaga ta ga haske, ya tabbatar tana nan lafiya, ya miƙa wa ɗiyarsa. Sannan ya jawo takardar da aka sa wa hannu. Bokonsa aji biyu ne, tun zamanin da. Ya ɗora yatsa a layin farko ƙarƙashin kan magana, yana haɗa baƙaƙen a hankali, leɓensa na motsi. Ba wanda ya taya shi. Ya ɗauki lokaci.

"Wanga sunanki ne?"

"Shi ne, Baba."

"Akwai wani bisa gare shi?"

"Babu."

Ya ture takardar gaban Dakta, ya gyara rigarsa.

"To yanzu kawo kujerar."